Fararen ƙwayoyin jinin Hajiya sun hau, tafinta ya ce a ba ta giloy

Sadiq: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, don Allah da gaggawa. Yau kwananmu 9 a Delhi ta ƙasar Indiya ni da Hajiyarmu, aikin sa mata gwiwar ƙarfe muka zo. Jiya aka ɗebi jininta na shirin shiga tiyata, yau likita ya ce an ɗaga aikin, wai fararen ƙwayoyin jininta sun kai 18,600, ya kuma rubuto wasu gwaje-gwajen. Tafintan da ke raka mu ya ce garkuwar jikinta ce ta yi rauni, ya kai ni shagon maganin gargajiyarsu na Ayurveda. Abu uku na sayo: giloy na ruwa, ashwagandha na ƙwaya, da wani baƙin abu mai danƙo a kwalba, Chyawanprash. Ya ce cikin kwana 5 adadin zai sauko. Ban fara ba ta ba tukuna. Kuɗin masauki yana cin mu kullum, biza ma ba ta jiran kowa.

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya. Ka ajiye kwalaben nan tukuna, Dakta Amina tana cikinmu, bari ta gani.

Alhaji Bala: Allah ya sawwaƙe, ɗana. Ni dai abin da na gani da idona zan faɗa. A 2019 na yi kwana 21 a Kerala saboda ciwon baya. Shafa mai, turare, abinci ba maiƙo, da wasu ruwaye masu ɗaci safe da yamma. Na je ina sallah a kujera, na dawo ina sujada. Mutanen nan sun san itace. Giloy ɗin ma na sha shi, ba abin da ya same ni. Ka ba ta da bismillah.

Dakta Amina: Amin ya Allah. Baba Alhaji, a yi mini afuwa, zan ɗan saɓa maka. Sadiq, kada ka ba ta ko cokali ɗaya yau. Tafintan ya juya maganar ne. Fararen ƙwayoyin jini su ne mayaƙan jiki. A babban mutum yawanci tsakanin 4,000 da 11,000 suke a kowane ɗigon da ake aunawa. In sun haura haka, ba ƙarancin mayaƙa ake fama da shi ba, an buga gangar yaƙi ne sun fito. Abin tambaya shi ne wa ya buga gangar. Ka ɗauko takardar, a ƙasan jimillar akwai rabe-rabe guda biyar da kasonsu. Rubuto mini su. Sannan ka faɗa mini adadin jajayen jini da na filatilet, wato ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare.

Sadiq: To Dakta. Niyutirofil kashi 84, limfosayit 11, monosayit 4, isinofil 1, na ƙarshen sifili. Himogulobin, wato na jajayen jinin, 11.9. Filatilet 290,000.

Dakta Amina: Yauwa. Wannan rabon ya fi jimillar magana. In niyutirofil ne suka hau, an fi zargin ƙwayar bakteriya a wani wuri, ko wani magani da mutum ke sha, ko kumburi. Masu shan taba da masu juna biyu ma nasu kan ɗan hau. In isinofil ne, tsutsar ciki ko asma ko borin jini ake fara nema. Limfosayit kuma ya fi tafiya da cututtukan bairos. Abin da ya ɗan kwantar mini da hankali shi ne jininta da filatilet ba su faɗi ba. Amma daga waya ba zan yanke komai ba. Tana zazzaɓi? Tari? Zafin fitsari? Akwai gyambo a ƙafa ko haƙori mai ciwo? Tana da ciwon suga?

Sadiq: Sugan akwai, shekara 6. Zazzaɓi babu. Na tambaye ta fitsari ta ce in bar ta, kin san iyayenmu, ba za ta yi wannan maganar da ni ba.

Maman Ilham: Hahaha ai ba za ta faɗa maka ba ko za ka kwana kana tambaya. Turo mini lambarku ta bayan fage, ni zan kira ta mu yi ta mata.

Nafisa: Yaya Sadiq, karanta bayan kwalbar Chyawanprash ɗin nan. Ni karatun haɗa magunguna nake a Bangalore, mun duba shi a aji. Tushensa ɗan itacen amla ne, amma suga da zuma da man shanu ne suka riƙe shi, a mafi yawan kamfanoni suga ne kan gaba a nauyi. Mai ciwon suga da ke shirin tiyata ba abincinta ba ne.

Alhaji Bala: To ga shi nan an fara. Ku 'yan boko da an ce itace sai ku ɗaure fuska. Ƙasar nan ma'aikata guda ta ware wa wannan ilimi, da minista. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta kafa cibiyar maganin gargajiya a ƙasar. Su duk ba su san abin da suke yi ba ke nan?

Nafisa: Baba, duka biyun gaskiya ne. Ma'aikatar AYUSH tun 2014 take, cibiyar kuma a Jamnagar take a jihar Gujarat, an aza harsashinta a 2022. Amma aikin cibiyar bincike ne, a tace a ga wanne ke aiki wanne ba ya yi. Ba hatimi ba ce a kan kowace kwalbar da ke kanti.

Malam Habu: Ku ba ni dama in shigo ta wata ƙofar, don ina ganin ana jayayya a kan abin da masu abin ma ba su faɗa ba. Shekarata ta huɗu ke nan a Baranasi, tarihi nake karanta, amma ɗakina na maƙwabtaka da ɗaliban Ayurveda, digirinsu shekara biyar da rabi ne. Mun sha shayi da gardama da su ba adadi.

Na farko, tsofaffin littattafansu irin su Charaka Samhita da Sushruta Samhita an rubuta su ƙarnoni da yawa kafin a ƙera madubin da ake ganin ƙwayar jini da shi. Babu "farar ƙwayar jini" a cikinsu, balle a ce ga maganin sauko da ita daga 18,000 zuwa 9,000. Duk wanda ya ce maka haka daga kansa ya ƙaro.

Abin da suke da shi daban ne. Suna cewa abubuwa uku ne ke tafiyar da jiki, vata da pitta da kapha, in ɗaya ya rinjayi sauran sai cuta. Wanda ya taɓa zama da masu maganinmu da ke maganar sanyi da zafi da majina ba zai ji abin baƙo ba. Sai agni, wutar cikin da ke narkar da abinci. In wutar ta yi sanyi, abinci bai nuna a ciki ba, sai ya bar wani dauɗa da suke kira ama, shi ke toshe hanyoyin jiki. In kuwa komai ya narku daidai, tataccen abin da ke fitowa a ƙarshe shi ne ojas, wanda shi ne ya fi kusa da abin da muke kira garkuwar jiki. Magungunan gina ojas ɗin su ne rasayana, kuma duka ukun da Sadiq ya sayo a wannan sahu suke.

To ga inda nake so Alhaji ya saurara. A ƙa'idarsu ba a ɗora rasayana a kan jikin da bai tsarkaka ba. Misalin da suke bayarwa na rini ne: ƙazamin ƙyalle ba ya kama baba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata ya san sai an wanke yadi kafin a tsoma. A farkon zazzaɓi ma abin da suke umarta shi ne a rage ci, a sha ruwan ɗumi da kunun shinkafa mai ruwa-ruwa, ba a ɗura wa mutum man shanu da suga ba. Kuma vaidya na gaskiya, wato likitansu, sai ya taɓa jijiyar hannu, ya duba harshe, ya yi tambaya a kan fitsari da bayan gida da barci kafin ya rubuta komai. Alhaji, a Kerala haka aka yi maka ko a kanti aka miƙo maka?

Alhaji Bala: A'a, gaskiya sai da suka yi kusan awa suna yi mini tambayoyi. Har hoton bayana na asibiti suka karɓa suka duba.

Malam Habu: To ka gani. Hajiya kuwa ba wanda ya gan ta. Tafinta ne ya yi wa mai kanti bayani, mai kanti ya ɗauko abin da ke shagonsa.

Ɗan Maradi: Kuma ku tambaya ko tafintan yana da kamasho a shagon. Ba zargi ba ne, tambaya ce kawai.

Sadiq: Wallahi sai yanzu na tuna, da muka fito ya koma ciki wai ya manta wayarsa.

Ɗan Maradi: Allah ya sa ya same ta.

Nafisa: Bari in ƙara a kan giloy, don shi ya fi damuna. Guduchi ma ake ce masa, wata yaɗo ce mai hawa bishiya. Lokacin korona a 2020 kusan kowane gida a nan sha ake, ana cewa yana ƙara garkuwa. A 2021 likitocin hanta a Mumbai suka wallafa rahoton mutum 6 da hantarsu ta kumbura bayan shansa, irin kumburin da garkuwar jiki ke juyowa ta kai wa hanta hari. Daga baya wani rahoton da ya haɗa asibitoci da dama ya kawo mutum 43. Ma'aikatar AYUSH ta musanta, ta ce mai yiwuwa an rikita shi da wata 'yar uwarsa mai kama da shi. Ko da mun karɓi wannan, Yaya Sadiq, ta ina za ka gane wacce aka matse a kwalbar da ke hannunka? Kuma ka lura da abin: ana shansa ne don ya zuga garkuwa. Hajiya tata a zuge take.

Ashwagandha kuma yana iya ɗaga sinadarin maƙoƙo, yana sa barci, shi ma an samu masu ciwon hanta ta dalilinsa. Denmak ta hana sayar da shi a 2023. Masu sa barcin tiyata yawanci suna so a dakatar da irin waɗannan mako biyu kafin aiki. Ka ga da ka fara ba ta, da ka ƙara wa kanku kwanaki ne a masaukin da kake kuka da kuɗinsa.

Alhaji Bala: 'Yata, maganin asibitin naku ba ya taɓa hanta? Farasitamol fa?

Nafisa: Yana taɓawa ƙwarai, Baba. Bambancin shi ne an san adadin da ke taɓawar, an rubuta a jikin kwali, kuma akwai makarinsa a asibiti.

Usman Injiniya: Ni dalma ce tsorona. Akwai wani reshe na Ayurveda da ke ƙona ƙarafa a mayar da su toka a sa a magani, bhasma suke ce mata. A 2004 an auna magungunan Ayurveda 70 da aka saya a shagunan Boston a Amurka, aka sami dalma ko zaiba ko arsenik a 14, wato ɗaya cikin biyar. A 2008 aka sake da waɗanda ake saya ta intanet, kusan haka aka samu. Mu da muka ga abin da dalma ta yi wa yaran Zamfara a 2010 ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Malam Habu: Gaskiya ne, sai dai a yi adalci, ukun da Sadiq ya sayo ba na toka ba ne a asalinsu. Abokaina na nan za su ce maka an "tsarkake" ƙarfen kafin a ƙona. Na ce musu dalma dalma ce ko an yi mata wankan tsarki sau bakwai. Ranar ba a ƙarasa shayin da daɗi ba.

Maman Ilham: Na dawo. Mun yi kusan minti 40 da Hajiya, mace mai daɗin hira. Dakta, abu biyu. Na ɗaya, fitsarin yana mata zafi tun kafin su taso daga gida, kuma tana yawan zagayawa da dare. Na biyu, akwai wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi da wata maƙwabciyarta ke kawo mata a ƙulle a leda, ba kwali ba suna, wai na ciwon gaɓoɓi. Ta ce wata 8 tana sha kullum, in ta sha gwiwar kamar an cire ƙaya. Tana da sauransu a jakarta, jiya ma ta sha. Ba ta faɗa wa likita ba don kada Sadiq ya yi mata faɗa.

Sadiq: Innalillahi. Ni fa ban sani ba.

Dakta Amina: Sadiq, ba lokacin faɗa ba ne, kada ka ɗaga mata murya. Amsa mini: fuskarta ta ƙara cika a watannin nan? Sugan ya ƙi saituwa? Fatarta tana saurin yin tabo?

Sadiq: Fuskar kam ta yi fam, har 'yan uwa na cewa hutu ya karɓe ta. Sugan kuma sau biyu ana ƙara mata magani bana.

Dakta Amina: To ina zargin sitiroyid ne a ƙullin nan, wato maganin da ke kwaikwayon wani sinadarin da jiki ke yi da kansa, irin su deksametazon ko firednisolon. Zargi na ce, gwaji ne zai tabbatar. Irinsu suna kashe ciwon gaɓa nan take, suna ɗaga suga, suna kumbura fuska, kuma suna ɗaga niyutirofil a takardar gwaji alhali a zahiri suna danne ƙarfin jiki na yaƙar cuta. Suna ma iya ɓoye zazzaɓi, shi ya sa rashin zazzaɓinta bai ba ni natsuwa ba. Ga kuma alamar cutar mafitsara a mai ciwon suga. Kowanne cikin biyun zai iya kawo wannan adadi, balle sun haɗu.

Abu mafi muhimmanci: kada ka ƙwace ƙwayoyin ka zubar, kuma kada ta daina sha kwatsam da kanta. Wanda ya yi watanni yana shan sitiroyid, jikinsa ya rage yin nasa, in aka yanke lokaci ɗaya ƙarfin bugawar jini na iya faɗuwa har a rasa rai, musamman a kan gadon tiyata. Gobe da sassafe ka ɗauki ledar yadda take ka kai wa likitanta, ka faɗa masa wata nawa da guda nawa a rana. Ka nuna masa kwalaben ukun ma. In cikin dare ta yi zazzaɓi, ko rawar sanyi, ko amai, ko ciwon kwiɓi, ko ta fara rikicewa, kada ku jira safiya.

Game da ɗaga aikin kuma, gata likitan ya yi mata. In ƙwayar cuta ta bi jini ta zauna a kan gwiwar ƙarfe, wani lokaci sai an sake buɗewa an ciro ta gaba ɗaya.

Sadiq: Dakta, in tambaya kai tsaye, tun safe abin ke cina. Na bincika a intanet na ga ana cewa sankarar jini.

Dakta Amina: Na san za ka gani. Tana cikin abubuwan da ke ɗaga adadin, amma ba ita ce kan gaba ba a irin wannan hoto. A sankarar jini sau da yawa adadin kan wuce haka nesa, ko a ga jini ya ragu, filatilet ya rikice, saifa ta kumbura, mutum na ramewa yana gumin dare. Cikin gwajin da aka rubuta muku duba ko akwai wanda za a shafa jini a gilashi a kalla da madubi, shi ke nuna ko ƙwayoyin sun nuna ko ɗanyu ne. Kuma wannan ma dalili ne na ƙin rufe lamba da jiƙo. Akwai nau'in sankarar jinin da tun 2001 ake riƙe shi da ƙwaya ɗaya a rana, imatinib, mutane na shekara da shekaru suna harkokinsu. Indiyar nan da kuke ciki tana cikin masu yin sa da araha, har Kotun Ƙolinsu ta hana kamfanin Novartis mallakar haƙƙinsa a 2013. Wanda ya ɓata wata shida yana "gina garkuwa" shi ke zuwa a makare.

Alhaji Bala: To Dakta, na ji, kuma ban ce a ƙi asibiti ba. Amma ku ma ku yarda akwai abin da mutanen nan suka iya. Bayana shaida ne.

Dakta Amina: Ban musa maka bayanka ba, Baba. Tausa da ɗumi da hutun mako uku da rage nauyi suna yi wa ciwon baya amfani, mu ma muna tura mutane gashi. Cin abinci a kan lokaci, barci da wuri, citta da kurkum a miya, ba wanda zai hana Hajiya. In ta warke daga aikin tana son ganin vaidya mai rajista, ta je da takardunta, likitocin biyu su san abin da juna ke ba ta. Abin da na ƙi shi ne kwalba uku daga kanti a kan lambar da ba a san dalilinta ba.

Alhaji Bala: Wannan kuma magana ce. Amma giloy ɗin kada a zubar, Sadiq, kuɗi ne. In za ka dawo ka taho mini da shi.

Nafisa: Baba!

Alhaji Bala: To ke ina ruwanki, hantata ce.

Usman Injiniya: Mu da darbejiya ta cika mana gari, ita ma daga ƙasar nan aka kai mana ita, ba mu gama da ita ba Alhaji zai ƙaro mana wata.

Sadiq: Salam jama'a, ga bayani bayan kwana 6, ku yi haƙuri da shiruna. Na kai ledar kamar yadda Dakta ta ce. Likitan ya riƙe kai, ya kira wata likitar sinadaran jiki. Gwajin fitsari ya nuna ƙwayar cuta, an ɗora ta a kan maganin da gwajin ya nuna zai kashe ta. Gwajin jinin safe kuma ya nuna jikinta ya rage yin nasa sinadarin sosai, sun ce ya yi daidai da wanda ya daɗe yana shan sitiroyid. Sun karɓe na ledar, sun ba ta nasu mai suna da awo, za a riƙa ragewa a hankali. Jinin da aka kalla a gilashi ba su ga ɗanyun ƙwayoyi ba, alhamdu lillahi. Yau adadin 12,900. Ba a sa ranar aiki ba, sun ce sai fitsarin ya wanke kuma sugan ya sauko. Asibitin sun ba mu takardar neman ƙarin biza.

Dakta Amina: Alhamdu lillahi. Ta shanye maganin fitsarin har ƙarshe ko da zafin ya tafi. Kada 12,900 ɗin ya dame ka, muddin tana kan sitiroyid ba lallai ya koma daidai ba. Ranar aikin ka sake tuna wa mai sa barci da bakinka, kada ka dogara da cewa yana cikin fayil. Kuma a kira gida a yi wa maƙwabciyar nan magana cikin mutunci, da wuya a ce Hajiya kaɗai take kai wa, kuma su ma kada su yanke kwatsam.

Sadiq: An kira. Mata huɗu ne ke shan ƙwayoyin a layinmu, har da ita mai kawowar. Ƙanwata za ta raka su asibiti ranar Litinin. Shagon kuma sun ƙi karɓar kayan, wai an fita da su. Tafintan na canza shi.

Maman Ilham: Madalla. Hajiya ta ce mini abincinsu ya ishe ta, kunu take so. Ka je kantin hatsi ka ce bajra, gero ne, har garinsa suna sayarwa. Tsamiya kuma imli. Ka tambayi masu kula da sugan nata ko kofi nawa za ta iya sha, kada ka sa mata suga.

Alhaji Bala: Sadiq, maganar kwalbata fa?

Sadiq: Baba, Nafisa ta riga ka, ta ce in kai mata ajinsu su auna abin da ke ciki.